Gaisuwa ga Malam Fitowa ta Ɗaya

Wai yanzu shi ne ya raini yaran da ke rubuta sharhin wasan kwaikwayo a Katsina. Har da "yarana" a bainar jama'a, ana tafi. To, madalla. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ban ambaci sunan kowa ba. Ina magana ne kan wani bawan Allah da ake ajiye wa kujerar gaba, ya iso a makare, a ɗauke shi hoto da babbar riga, kafin a shiga fitowa ta biyu ya zame. Washegari sai ka ga sharhi: "wasan ya ƙayatar, ya ilimantar, ya faɗakar." Wane wasan, ranka ya daɗe? Wanda ka bari ana gaisuwa?

Yaran nan da wannan jimlar suka zo mini su ma. Jar biro na sa na kashe ta, na ce me ya ƙayatar? Wa ya fito, me ya ce, muryarsa ta kai layin baya? Shi ya sa can baya nake zaunar da su. Da azumi ya yi goma muka bi 'yan tashe daga Ƙofar Soro zuwa cikin lunguna, kowa da takardarsa, su rubuta yadda ɗan shekara goma ke zama tsoho da gemun auduga da sanda. Na sa su karanta littafin wasan kwaikwayo Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, su ware jigo daban, zubi daban, sannan su faɗi inda ba su gamsu ba. Kuɗin mota daga hannun mai shirya wasa kuwa, na hana.

Malam Fitowa ta Ɗaya fa, me ya koya musu? Tsayuwar hoto?

Ba yabo nake nema ba, Allah ya sani. Amma wallahi da ciwo. Katina na waya ya ƙare a kansu, barcina ya ƙare a kan rubutunsu, sai ranar da sunan yarinya ya fito a jarida ka tuna 'yarka ce? Ko sunan mahaifinta ka sani? Takardunsu na farko suna nan a jakata, da kwanan wata.

Ku kuma masu ɗaukar hoton rubutuna ku tura masa, ku tura duka. Na san a sakin layi na ɗaya zai tsaya, sai ku karanta masa sauran.