Rumfar da ta kusa tsinka mini igiyar aure

Tun ina yaro nake jin ana cewa tafi-da-gidanka, amma ban ga na gaske ba sai da na zo Ingila. A gida wayar hannu muke kira haka, ko kotun da ke kama masu yawo ranar tsaftar muhalli. A nan kuwa gida ne sukutum: ɗaki a kan taya, da gado da murhu da firij da ɗan banɗaki, a ƙulla shi a bayan mota a ja. Karaban suke ce masa. A shekarata ta shida a Bradford na sayi wani tsoho, bayan na ji cewa tun Disambar 2021 an daina neman jarrabawa ta musamman don jan tirela, lasisin mota ya isa mutum ya ja har kilo 3,500. Lasisi dai ya ba ni izini. Iyawa ce bai haɗo mini da ita ba.

Mu biyar ne a gida, ɗakin kuwa in mutum biyu suka tsaya a tsakiyarsa sai ɗaya ya nemi gafarar ɗaya. Uwargida ta leƙa ciki sau ɗaya ta ce, "Abban yara, ina za a ajiye takalma? Ina za a yi salla? Gida ba zaure ai ba gida ba ne." Zauren karaban kuwa rumfa ce ta tamfol da ake maƙala wa a gefen ƙofa. Akwai babba mai rufe tsawon ɗakin duka, akwai ƙarama mai rufe ƙofa da ɗan abin da ke gefenta. Ƙaramar na nema, don na ce ita ba za ta ba da wahala ba.

A intanet na same ta, fam 70, wurin wani mutum. Ya ce sau ɗaya tak aka taɓa kafa ta. Matarsa da kanta ta kinkimo jakar, nauyinta ya kai na rabin buhun masara, ta jefa mini a but, ta tsaya tana ɗaga mini hannu har na sha kwana. Na ce a raina, kai, Turawan nan akwai karamci.

Uwargida ta ce a gwada ta a gida kafin tafiya. Na yi dariya. Na tuna mata cewa ni, lokacin ina sakandare a Zariya, hutu uku na yi ina bin mai hayar kanofi gidajen biki, kuma babu rumfar da ta taɓa faɗo wa wani baƙo a kai. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Duk mai aure ya san irin wannan addu'ar.

Hutun ƙarshen watan Mayu muka nufi yankin tafkuna na arewacin Ingila, kusa da garin Keswick. Doka ta ce mai jan karaban ba ya wuce mil 50 a awa a kan hanya mai hannu ɗaya, mil 60 a babbar hanya, don haka kafin mu hau babbar hanyar M6 na tara motoci a bayana kamar masu rakiyar amarya. Ban kuma tsaya na tambayi kaina dalilin da ya sa yankin ke da tafkuna ba. Can cikin kwarin Borrowdale akwai ƙauyen Seathwaite, inda ruwan sama na shekara ke wuce mita uku. Nan kusa na zaɓa in koyi kafa rumfa.

Ƙarfe shida na yamma muka isa. Yadda na shigar da karaban gurbinsa da baya, wannan labarin wata rana ne. Ya isa in ce mai kula da wurin ya roƙe ni in kashe mota, mu tura da hannu. Da na sauke jakar rumfa na lura da wani abu. Maƙwabtanmu, galibinsu dattawa masu fansho, sun fara juyo da kujerunsu ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya ce uffan. Kowa da kofin shayinsa, an fuskanto ni kamar an zo kallon dambe.

Na zazzage jakar. Tamfol ɗaya, sanduna goma sha ɗaya, igiyoyi huɗu, turakun roba cikin wata leda, da takardar bayani mai shafi biyu da harshen Holan. Na ninke takardar na sa a aljihu.

Yadda abin yake, a jikin kowane karaban akwai wani siririn kwararo na alminiyam da ya taso daga ƙasa ya bi ta saman ƙofa ya sauka ta ɗaya gefen. A bakin tamfol kuma an ɗinke wata igiya mai kaurin milimita 6. Aikinka ka zura wannan a cikin wancan, kamar zura tazuge a ƙubakar wando, sai dai wandon ya fi ka tsawo kuma iska na ƙoƙarin ƙwace shi. Na hau ɗan matakalar ƙofa ina ja, uwargida na ƙasa tana turawa. Taku ɗaya ta tafi, ta cije.

"Hajiya, tura mana."

"Ina turawa, kai ne ba ka ja."

"Ina ja!"

"To rumfar ce ba ta so."

Wani dattijo mai jan wando da ke gurbin hagu ya miƙe ya ce ko ina son a kama mini. Na ce a'a, na gode, komai lafiya. Ya gyaɗa kai ya koma ya zauna, har da gyara zama.

Sai dabara ta zo mini. Na aiki babban ɗana ya ɗauko man girki. Na tsiyaya a tsumma na goge kwararon tun daga ƙasa har sama. Wallahi ta yi aiki: tamfol ya zarce sumul, ya wuce ƙofa, ya wuce taga, ya gangara ta ɗaya gefen ya fice ya zube a kan auta. Muka tono ta tana dariya. A zuwa na biyu na tsayar da shi a daidai, na sauko ina karkaɗe hannu, ina satar kallon 'yan kallo. Yaron ya ja da baya ya ƙura ido, sannan ya ce, "Abba, me ya sa sunan kamfanin ya koma kamar ajami, daga dama zuwa hagu?"

A bai-bai na zura ta. Cikin yana waje, madaurin labule na kaɗawa a fili.

Zuwa na uku ta shiga daidai, da dogon zanen mai a kafaɗarta, da ƙamshin suyar ƙosai da ya kirawo wasu mitsi-mitsin ƙwari masu cizo daga duk faɗin kwarin. Sai sanduna. Kanofin Zariya ƙafa huɗu gare shi, kowace kamar 'yar'uwarta. Waɗannan kuwa babu biyu masu kama da juna: wata da ƙugiya, wata da tsini, wata da soso, wata ta lanƙwashe kamar sandar makiyayi. Na haɗa goma yadda Allah ya nufa. Ta sha ɗaya ta rasa gurbi, na ce ai ta ajiya ce, na tura ta ƙarƙashin mota da ƙafa.

Rumfa ta tsaya, amma tsayuwar mai ciwon ƙugu. Ta gaba tamfol na jan ƙasa, ta baya kuwa ya ɗage har kaza za ta iya shiga ba ta sunkuya ba. Bangon gefe ya sauka daidai tsakiyar tagar ɗakin, rabi ciki rabi waje. Na ce turaku za su gyara komai. Na ɗauko guduma. Abin da ban lura da shi ba, gurbinmu ba ciyawa ba ne, tsakuwa ce da aka daddaɓe don kada taya ta nutse. Turken roba na farko ya lanƙwashe. Na biyu ya tsage. Na uku ya yi tsalle ya faɗa kusa da ƙafar mai jan wando. Ya ɗauka, ya dube shi, ya kawo mini da hannu biyu kamar mai miƙa ta'aziyya.

Ya ce, "Ka san sunan da muke kiran irin wannan rumfar?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Saki a cikin jaka."

Uwargida ta yi dariyar da rabona da in ji irinta tun muna amarci. Sai a lokacin na tuna matar nan mai ɗaga mini hannu.

Ya sake tayin taimako, na sake cewa komai lafiya. Girman kai rawanin tsiya, kuma ranar na naɗa shi har da kunne biyu. Na lallaɓa na kafa turakun da suka rage a bakin ciyawar da ke kewaye, na ɗaure igiyoyi huɗu, na ja su iya ƙarfina. Rana ba ta faɗuwa a can a wannan lokacin sai wajen tara da rabi, don haka ko duhun da zai rufa mini asiri ban samu ba. Da na zo rufe ƙofar rumfa, zif ya ƙi. Tsakanin haƙoransa akwai tazarar tafin hannu, domin na ɗaure komai tamau alhali ƙofar na buɗe. Na samo abin shanya guda shida na maƙale. Muka yi magariba da isha a ciki, sandar tsakiya na shafar hulata a kowace raka'a.

Wajen biyun dare aka fara. Da fari yayyafi, sai iska, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rumfa ta shiga buga jikin karaban, fat, fat, fat, ɗakin duka na rawa. Na fito da tocila, daga ni sai jallabiya. Rufin ya yi ciki: ruwa ya taru a tsakiya ya zama wani ƙaton tulu yana reto a saman takalmanmu. Na ɗauko tsintsiya mai sanda na tokare shi daga ƙasa don ya zube waje. Ya zube kuwa, amma ta baya, ta tsakanin tamfol da jikin karaban, inda ya kamata a ce akwai abin da ya toshe, kuma inda wuyana yake. Ruwan kwarin nan a watan Mayu, sanyinsa har cikin haƙori.

Ina tsaye ina salati sai na ji tas! Igiyar kusurwa ta tsinke. Aka buɗe rabin tagar da ke buɗuwa, uwargida ta leƙo, bargo har ka.

"Saura igiya nawa?"

Na ce, "Uku."

Ta ce, "To, ka riƙe su da kyau. Ka san daga uku ake fara ƙirge." Ta ja taga.

Da safe na cire rawanin. Na je gurbin hagu na yi sallama irin tasu, na ce da dattijo na karɓi tayin jiya. Ya ce madalla, ya juya ya ƙwala wa matarsa kira. Ashe shi ma ɗan kallo ne; shekara arba'in suna wannan yawo bai taɓa riƙe guduma ba. Ta fito, 'yar tsohuwa ƙarama da takalmin ruwa, da tef ɗin awo a wuya da jakar turakun ƙarfe masu kama da manyan ƙusoshi. Ta zagaya rumfata sau ɗaya, ta shinshina kwararon, ta dube ni, ba ta ce komai ba. Da ma zagina ta yi.

Ta nuna mini wani ɗan ƙyalle a cikin ɗinki wanda ban taɓa gani ba: an yi rumfar don kwararo mai tsayin santimita 235 zuwa 250 daga ƙasa. Ta auna nawa. Ta gaba 231, ta baya 254. Ba rumfa ce karkatacciya ba, gidan ne na ajiye da hanci a ƙasa, shi ya sa ma yara suka kwana suna gangarowa. Aka kwance komai, aka janye ƙafafun da ke tokare kusurwoyin karaban, aka murɗa ƙaramar tayarsa ta gaba har ƙwayar ma'aunin daidaito ta zauna tsakiya. Ta sa ni wanke kwararon da ruwan ɗumi, ta fesa masa wani man silikon da ba ya ɓata tamfol. Daga nan ta daina yi mini magana, ta koma kan uwargida.

Ina ji ina gani suka zura ta cikin minti ɗaya, suka matsar da ita gaba kamar taƙi biyu, bangon ya sauka tsakanin taga da taga. Suka zuge kowane zif kafin a taɓa turke ko ɗaya. Kusurwoyin baya aka fara kafewa, a ɗan ƙarƙashin karaban don tamfol ya manne da jikinsa, sannan na gaba. Turke a karkace, kansa na kallon waje. A bakin ƙofa ta gitta madaurai biyu, na dama ya tafi hagu na hagu ya tafi dama, don kada a yaga zif. Sai ta ƙirga sanduna ta ce saura ɗaya. Na durƙusa na jawo ta daga ƙarƙashin mota. Ita ce ke miƙe rufi don kada ruwa ya kwanta. Biyun nan masu soso kuma, da na sa a gaba don ado, su ne ke danne tamfol a jikin ɗakin, daidai inda aka yi mini wankan dare.

Minti ashirin da biyar. Rumfa ta tsaya cak, a ɗame kamar fatar kalangu. Wani daga can nesa har ya tafa. Ni aikin da aka ba ni a duk wannan lokacin shi ne riƙe jakar turaku.

Kwana biyu muka more ta. Ran Litinin muka kwance ta cikin ruwa, kuma tsohuwar ta gargaɗe mu cewa in aka naɗe ta da danshi za ta yi fumfuna, don haka ta yi kwana huɗu a baje a falonmu, daga kan talabijin zuwa teburin cin abinci, tana ƙamshin ƙosai. Da ta bushe kuma ta ƙi komawa jakar da ta fito.

Daren nan na ɗauki hotonta na buɗe shafin da na saye ta. Na rubuta fam 60. Na rubuta cewa sau ɗaya tak aka taɓa kafa ta, na tsaya ina tunanin ko zuwa huɗu a tafiya ɗaya ana ƙirga shi ɗaya ne. Uwargida ta leƙo ta kafaɗata ta karɓe wayar ta goge.

"Ba ta sayarwa ba ce. Na riga na kama mana gurbi a watan Agusta, kuma na yi odar turakun ƙarfe."

Na ce, "To ni mene ne aikina?"

Ta ce, "Na yi maka odar kujera."