Kunya Ce, Ba Tsoro Ba

Mashigar Zamare, kusa da Yawuri, hantsi ya ɗaga. Kwale-kwalen Banufe ya cika da buhunan albasa da fasinjojin da za su tsallaka Kwara zuwa Rofiya. A gindinsa akwai tsohon inji Yamaha Enduro mai doki 40, wanda ya girmi yaron jirgin. Banufe ya ja igiya har gumi ya jiƙa masa riga, inji ya yi tari sau biyu ya yi gum.

BAKATSINE: Bawana, tsallakar da mu za ka yi, ko kallon dambe da igiya ka tara mu?

BANUFE: In ubangidanka na aiki, shiru ake yi. Injin nan shekara da shekaru yana ɗaukar shanu bai taɓa gardama ba, sai yau da ya ji warin Bakatsine.

BAKATSINE: Mu sauka mu tura shi mana. Haka muke wa mota a Katsina.

BANUFE: Bismilla, sauka ka fara. Wanda iyakar ruwan da ya sani shi ne na randa!

Aka aika yaron jirgi ya kira bakanike. Ya iso da sifana a aljihu, sukundireba a bayan kunne, ya ɗage murfin inji ya kwance fulogi biyu.

BAKANIKE: Baba, wannan fulogi ne ko gawayi? Baƙi ƙirin, ga danshi. Baƙin mai nawa kake zubawa a fetur?

BANUFE: Lita guda da ɗan ƙari a jarka. Tsoho ne, ina tausaya masa.

BAKANIKE: Jarka mai lita 25 rabin lita take so, kashi ɗaya cikin hamsin ke nan. Fiye da haka shaƙe fulogi yake yi.

BAKATSINE: Miyar gidansu ya ɗauka. Banufe in bai ga mai na yawo a sama ba, ba ya cin tuwo.

Bakanike ya goge fulogin, ya daidaita bakinsu, ratar ba ta wuce milimita ɗaya ba. Ya maƙala ɗaya a hular wayar fulogi, ya jingina shi da ƙarfen inji, ya ce a ja igiya. Aka gwada na biyun ma.

BAKANIKE: Kun gani? Wutar ja-ja ce, da ƙyar take tsallakawa. Mai lafiya shuɗiya ce, kana jin ta tas-tas. Wannan da take rarrafe a fili, in ta shiga cikin silinda inda iska ke matse, mutuwa take yi.

BAKATSINE: Ni ban ga komai ba. Kawo wayar in riƙe, hannuna ya fi idonka.

BAKANIKE: Alhaji, ba a wasa da ita. Dubban bolt ne ke bi ta nan.

BAKATSINE: Yaro, ba ka san kirarinmu ba? Katsinawa kunya gare mu, ba dai tsoro ba. Ja igiya, bawana!

Banufe ya ja da dukkan ƙarfinsa, da fatan alheri a baki, da wani fatan a zuci.

BAKATSINE: Shi ke nan? Ai cizon cinnaka ya fi wannan. Hatta injin Banufe ladabi yake wa ubangidansa.

BANUFE: Injiniya, faɗa mini gaskiya. In akwatin CDI mai sarrafa wutar inji ne ya mutu, in sauke mutane in je in sayar da akuya.

BAKANIKE: Bar akuyarka tukuna, daga mai araha ake farawa. Da fulogi ɗaya ne wutarsa ta raunana, sai in bi wayarsa da hularsa da koyil ɗinsa. Tunda duka biyun ne, ciwon na wurin da suka yi tarayya. Farfela ta daki dutse ko yashi kwanan nan?

BANUFE: Ni? Na san kogin nan tun kafin in san sunana.

YARON JIRGI: Shekaranjiya dai, Baba...

BANUFE: Wa ya tambaye ka?

BAKANIKE: Da ya ja igiya ba ta fizge hannunsa ba, inji kuma bai yi harbi ba, don haka ina kyautata zaton ɗan makullin da ke riƙe filawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa a saman inji, bai karye ba. In ya karye, wuta na zuwa ne ba a kan lokacinta ba. To ga wani abu. Baƙar wayar nan da aka ɗaure a jikin inji, tsatsa ta cinye bakinta. Ta nan wuta ke komawa gida.

Ya kwance ta, ya goge da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure. Wuta ta ɗan ƙaru, amma har yanzu ba ta yi shuɗi ba. Ya tsaya yana sosa ƙeya, sannan ya bi farar waya da yatsa har zuwa maɓallin kashe inji, ya zare ta daga mahaɗinta.

BAKANIKE: Aikin maɓallin nan shi ne ya zubar da wuta a jikin inji in an danna. In ruwa ya shige shi, sai ya riƙa satar wutar ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Duba, ɗiga yake yi. An yi ruwan sama ne?

BANUFE: Da rani? Yaro, wa ya zuba wa injina ruwa?

YARON JIRGI: Alhaji ne ya yi alwalar walaha a kai. Na ce ya sunkuya ya ɗiba a kogi, ya ce shi ba ya haɗa ido da ruwan da ba a ganin ƙasansa. Buta biyu ya ƙarar.

BAKATSINE: Ƙarya yake yi! Ɗaya da rabi ce.

BANUFE: Ayyuriri! Jama'a ku shaida, kuɗin gyara ya samu mai biya.

BAKATSINE: Wane gyara? Waya ɗaya ya cire. Ni ban yarda an yi komai ba. Kawo nan in sake ji.

BAKANIKE: Alhaji, yanzu fa ba ɓarawo a hanya, duk wutar nan za ta zo.

BAKATSINE: Na ce kunya gare mu...

Bai rufe baki ba Banufe ya fizgi igiya. Aka ji tas! Hula ta yi gabas, carbi ya yi yamma, Bakatsine ya tashi sama da babbar rigarsa ya faɗa kogi tsundum.

BAKATSINE: Wayyo Allah! Ku cece ni! A gaya wa iyalina gonar Batsari ta Hajiya ce!

BANUFE: Miƙe tsaye, bawan Allah. Ruwan iya gwiwa ne, ga akuya can tana sha.

Bakanike ya busar da maɓalli, ya mai da waya da fulogi, ja ɗaya inji ya kama da ruri. Aka jawo Bakatsine yana ɗigar ruwa, ya lallaɓa can gaban jirgi ya zauna kan buhun albasa, nesa da inji iyakar nisa.

BANUFE: Ina ce ba ku da tsoro?

BAKATSINE: Wa ya ji tsoro? Gani na yi bawana ya yi abin kirki karo na farko a rayuwarsa, kunya ta kama ni, na rasa inda zan ɓuya.