Yashin ƙasan akwatin kifi ba datti ba ne

Wasu daga cikin masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi mai tsirrai, a ƙauyukanmu na Jigawa, suna ɗauka cewa yashi mai kauri da ke ƙasa matattarar ƙazanta ce, don haka duk mako sai su dama shi ko su kwashe su wanke. Wannan kuskure ne da ke damuna ƙwarai.

Kashin kifi da ruɓaɓɓen ganye da ke nutsewa cikin yashin su ne takin tsirran, kamar yadda laka ke ciyar da shinkafa a fadamar Haɗejia. Idan kaurin yashin ya kai santimita 7 zuwa 10, iska ba ta isa can ƙasa sosai, shi ya sa ake ganin baƙin layi a jikin gilashin, amma saiwoyi suna kai masa iska a hankali. Da zarar an tone shi gaba ɗaya, saiwoyin za su tsinke, ruwa ya gurɓace, wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya taso, kifaye su taru a sama suna haki.

Abin da ya dace shi ne a zuƙe dattin sama kawai da siririn tiyo lokacin canjin ruwa, a bar na ƙasa yadda yake.