Shekara Goma Sha Huɗu Katanga Ɗaya, Ban San Sunan Kowa Ba

Iskar farkon daminar bara ta yi ɓarna a unguwarmu, waɗanda ke cikin garin Sakkwato ba su manta ba. A gidana katangar baya ce ta zube, kuma abin da ya kayar da ita kwanon rufin wata 'yar majami'a ne da ke manne da mu, iska ta yaye shi ta maka a kanta. Allah ya tsare, yara suna ɗaki. Akuya ɗaya ce ta karye.

Washegari da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida. Na fito na tarar da dattawa uku da wani matashi. Babbansu, mai furfura, da hula da 'yar shara, ya gaishe ni, ya jajanta, sannan ya ce sun zo ne su ji nawa gyaran zai ci, don kwanonsu ne ya yi ɓarnar. Na shimfiɗa tabarma a zaure. Muna zama wani abu ya faɗo mini a rai wanda har yau bai bar ni ba: shekara goma sha huɗu muna katanga ɗaya da mutanen nan, duk Lahadi ina jin waƙarsu, amma ban san sunan ko mutum ɗaya a cikinsu ba. A bakina da bakin iyalina sunansu guda ne, 'yan coci.

Mun daidaita cewa su kawo bulo da siminti, ni in biya magini. Aikin bai fi na kwana huɗu ba, amma ruwa ya yi ta katse shi har ya kai mako biyu. A mako biyun nan ne na san su. Ba zan kama sunan kowa ba, don ban nemi izininsu ba.

Abu na farko da ya rushe shi ne zaton da nake yi cewa duk baƙi ne daga Kudu. Akwai iyali biyu na Kudu, gaskiya ne, ɗaya mai sayar da kayan gyaran mota. Amma mafi yawansu 'yan Arewa ne. Akwai mutanen ƙasar Zuru, wadda har zuwa 1991 cikin jihar Sakkwato take kafin a yanki Kebbi. Akwai 'yan kudancin Kaduna da Filato da aikin gwamnati ko na asibiti ya kawo iyayensu. Akwai kuma Hausawa tsantsa. Ranar da na tambayi dattijon nan ko daga wane gari ya zo, sai ya yi murmushi ya ce: "Ɗana, nan anka haife ni, nan anka yanke min cibi. In ka kore ni ban san inda za ni ba." Sakkwatancinsa ya fi nawa nauyi. Mahaifinsa ya yi aiki a asibitin kutare na Amanawa, nan kusa da Sakkwato, wanda 'yan mishan na ƙungiyar Kirista ta SIM suka riƙe tun zamanin Turawa, can ya tashi yana yaro. Na ji kunyar tambayata ƙwarai, domin na gane tambaya ce da ake yi masa tun yana saurayi, kuma masu yi masa ita da yawa ya girme su a garin.

Da Hausa suke sujada. Littafi Mai Tsarki da ke hannunsu na Hausa ne, kuma ba jiya aka fassara shi ba, tun 1932 aka buga shi cikakke. Suna cewa Ubangiji, suna cewa Zabura, suna cewa alheri da jinƙai da gafara. Taronsu su ce ikilisiya, abin da ake tarawa ranar Lahadi su ce baiko. Ba su kai gida talatin ba, kuma kowa ya san halin da kowa ke ciki. Akwai dattawan ikilisiya da ke sasanta rigimar aure da ta bashi kafin ta kai ga hukuma. Akwai zumuntar mata, masu zane iri ɗaya, da ke haɗuwa a tsakiyar mako, su yi waƙa da kiɗan tulu, su yi adashi, su zaga gidan mai jego da marar lafiya. Shugabarsu tsohuwar ungozoma ce da ta yi ritaya daga asibiti. Da matata ta gan ta, sai ta ce ai wannan Maman ce ta karɓi haihuwar ɗanmu na biyu. Shekara da shekaru tana wucewa ta ƙofar gidanmu, ba mu taɓa haɗa fuskar da wurin ba.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa, don haka bari in faɗa da bakina. Ni Musulmi ne, ban shiga sujadarsu ba, ba kuma zan shiga ba. Abin da suka yi imani da shi game da Annabi Isa, alaihis salam, ba shi ne nawa ba, kuma na faɗa wa dattijon haka ido da ido. Shi ma ya faɗa mini nasa bai ɓoye ba. Babu wanda ya ja wani. Da lokacin azahar ya yi, matashin nan ne ma ke cewa: "Malam, an kira, je ka, za mu kula da masu aiki." Sanin mutum daban, bin addininsa daban. Wanda ke tsoron imaninsa zai zube don ya gaisa da maƙwabci, to ya binciki imanin, ba maƙwabcin ba.

Kuma wannan ba ra'ayin zamani ba ne da na kwaso a intanet. A Suratul Hujurat, aya ta 13, Allah ya ce ya sanya mu al'ummomi da ƙabilu domin mu san juna. A Suratul Mumtahana, aya ta 8, bai hana mu kyautatawa da yin adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, ba su kuma fitar da mu daga gidajenmu ba. Hadisin Mala'ika Jibrilu da ya yi ta wasiyya da maƙwabci har Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zaci za a ba shi gado, yaran islamiyya ma sun haddace shi, kuma hadisin bai ce maƙwabci Musulmi kaɗai ba. Abdullahi ɗan Amr da aka yanka masa akuya, tambayar da ya yi wa iyalinsa ita ce ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude. Sahabban da suka yi hijirar farko, wurin sarkin Habasha Kirista suka sami mafaka.

A garin nan namu ma akwai abin tunawa. A 1824 Baturen nan Clapperton ya iso Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi, ya zaunar da shi, ya yi ta yi masa tambayoyi kan ƙungiyoyin Kiristoci da bambancin aƙidunsu, har baƙon ya rasa amsar wasu. Ɗan Shehu ke nan, wanda ya gina garin, yana neman sanin abin da Kirista ya yi imani da shi daga bakin Kirista. Mu jikokin almajiransa kuwa, labarin maƙwabcinmu na bayan katanga a WhatsApp muke jin sa.

Nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Wata rana da yamma, bayan masu aiki sun tashi, hira ta kai mu ga watan Mayun 2022, lokacin da aka kashe ɗalibar nan Kirista, Deborah Samuel, bisa zargin ɓatanci ga Annabi, gari ya hargitse har gwamnati ta sa dokar hana fita. Dattijon bai ɗaga murya ba, bai zargi kowa ba. Ya ce kawai sun kwana uku ba wanda ya runtsa, sun tara mata da yara a gida ɗaya, jikarsa 'yar shekara shida tana tambayarsa ko su ma za a zo. Ya ce abin da ya fi tsaya masa shi ne ya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa a layin nan, don bai san kowa ba. Ni a daren nan ina gidana, tsakanina da yarinyar nan bulo tara ne a tsaye, kuma ko sau ɗaya tunanin halin da suke ciki bai zo mini ba. Ban yi musu mugunta ba, amma ban san da su ba, kuma ga wanda ke cikin tsoro bambancin biyun kaɗan ne.

Shi ma bai wanke nasu ɓangaren ba. Ya ce sun daɗe da koya wa 'ya'yansu su sunkuyar da kai su wuce, kada su tanka wa kowa, har yaran suka tashi suna ganin duk mai rawani ko dogon gemu abin gudu ne. Ya ce wannan ma kuskure ne. Na yarda da shi. Sai dai ina ganin nauyin ya fi yawa a kanmu. Mu ne masu yawa, unguwa tamu, mai unguwa namu, liman namu. Mai gida shi ke fara miƙa hannu. Wanda bai kai gida talatin ba a cikin dubbai, in ya ja jiki ba girman kai ba ne.

A sama ana ƙoƙari. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, tun hawansa a 2006, yana cikin jagororin majalisar tuntuɓar juna ta addinai ta ƙasa, kuma fadarsa ta fito ta yi tir da kisan 2022. Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda ke riƙe da ɗarikar Katolika ta Sakkwato tun 2011, shi da Sarkin Musulmi sun sha zama wuri ɗaya kan zaman lafiya. Amma ranar da gari ya rikice, ba su ne a layinmu ba. Wanda zai fito ya tsaya a bakin lungu ya ce wa yara matasa ku koma, gidan Baba wane ne, na san shi, sai wanda ya san Baba wanen. Wanda ba a san sunansa ba, kowace ƙarya aka ɗora masa sai ta zauna.

Abu ɗaya na hana a gidana tun daga lokacin, kalmar arne. Na ji ƙaramin ɗana ya faɗe ta a kan yaron da suke buga ƙwallo tare, na zaunar da shi na tambaye shi sunan yaron. Ya sani sarai. Na ce to da shi za ka riƙa kiran sa.

An gama katanga, ta ma fi ta da tsawo da bulo ɗaya, don magini ya ce haka za ta fi ƙarfi. Da Babbar Sallah na aika yara da cinyar rago gidan dattijon, da Kirsimeti Maman nan ta aiko da shinkafa da kaji biyu masu rai, ta ce mu yanka da kanmu. Makon jiya na ji shiru bai wuce ta ƙofar gida ba, na tambaya aka ce hawan jini ya kwantar da shi. Jiya bayan la'asar na je duba shi, na same shi ya ɗan ji sauƙi, jikar nan tasa ce ta kawo mini ruwa, ta durƙusa ta ce: "Baba, ina wuni."