Da gabar za ku hau jirgin Urushalima?

Ranar Lahadi bayan Misa ta biyu aka tsayar da masu niyyar zuwa Ƙasa Mai Tsarki daga cocinmu, don a karɓi fasfo a kuma tsara masauki, mutum biyu-biyu a ɗaki. Ba na cikin masu tafiyar bana, an dai ce in taya katikis, mai koyar da addini a coci, rubuta sunaye tunda na taɓa zuwa. Ana cikin karanto jerin sai wata uwa, wadda ita ke ta da waƙa a zumuntar mata, ta ɗaga hannu ta ce a gaban kowa: "Don Allah kada a haɗa ni ɗaki da wance, gara in kwana a baranda." Wancen kuwa tana zaune benci biyu a bayanta. Aka yi dariya, aka sauya suna. Da aka tashi, wani dattijo ya ja ni gefe da irin wannan roƙon, shi a asirce: a motar yawo ma kada a sa shi kusa da wane, tun rikicin kuɗin ginin gidan Fada, limamin cocinmu, ba sa gaisawa.

Tun ranar abin ke cin raina, shi ya sa nake rubuta wannan. Ba da wani nake ba, kuma da kowa nake.

Iyayena, yayyena, ina za ku da wannan kayan? An gaya muku nauyin jakar da jirgi zai ɗauka, kun auna kun sake aunawa. Kun ɗinka anko, kun sayi takalmin tafiya, wasu har sun yi odar hula da gyale masu ɗauke da sunan coci. Wani adashi ya ɗauka, wani 'ya'yansa suka haɗa masa miliyoyi, wani kujerar gwamnati ya samu ta hannun hukumar jiha. Duk an shirya. Abu ɗaya ne ba wanda ya taɓa, gabar da ke tsakaninku, kuma da ita kuke shirin hawa jirgi ku kai ta har bakin kabarin Yesu ku dawo da ita lafiya lau.

Bari in gaya muku abin da ke jiranku a can, tunda an ce gani ya kori ji.

Za a kai ku tudun da ke kallon Tekun Galili, inda aka gina ɗan coci mai kusurwa takwas a 1938 don tunawa da albarku takwas na huɗubar kan dutse. Wuri ne mai iska da furanni, kowa zai so hoto. Fada zai buɗe Matiyu sura 5, kuma idan ya zarce zuwa aya ta 23 da 24 za ku ji Ubangiji yana cewa in kana miƙa baikonka a bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana da kai, ka bar baikon nan gaban bagaden, ka je ku shirya tukuna, sannan ka dawo ka miƙa. Mun saba jin ayar har ta daina cizonmu. Amma ku tsaya a tudun ku yi lissafi. Bagade ɗaya ne a lokacin, a Haikalin Urushalima yake, fiye da kilomita 120 daga inda kuke tsaye, tafiyar kwanaki a ƙafa. Mutanen da suka fara jin maganar nan masu zuwa ibada ne irinku, Galilawa masu tara guzuri su tafi Idin Ƙetarewa. Yesu yana ce wa mutum: ka sha wannan doguwar hanya, ka sayi ɗan ragonka, ka shiga layi, an zo kanka, sai ka tuna maƙwabcinka na Kafarnahum. Ajiye ragon ka koma gida. Bai ce ka gama hadayar in ka koma ka neme shi ba. Bai kuma ce sai in kai ne kake riƙe da shi ba, ya ce in shi ne yake da magana da kai. To ke da kike cewa "ni ai ban riƙe ta ba, ita ce take fushi da ni," ayar ta riga ta tare miki wannan ƙofar.

Daga nan gangarowa kaɗan za ku yi zuwa Kafarnahum, inda aka ɗora coci a kan kangon gidan Bitrus, da gilashi a tsakiyar daɓen don a leƙa ƙasa. A garin nan Matiyu ya kawo tambayar Bitrus, sau nawa ɗan'uwana zai yi mini laifi in yafe, sau bakwai? Kun san amsar, bakwai har sau saba'in, yaran katikizim ma sun sani. A bakin ruwan Tabga kuma akwai ƙaramin coci na baƙin dutse inda ake tunawa da safiyar da Yesu ya gasa kifi ya ciyar da mutumin da ya yi musun saninsa sau uku. Bai jira Bitrus ya zo da dattawa a ba da haƙuri ba, shi ya fara hura wuta ya ce ku zo ku karya kumallo. Za ku tsoma ƙafa a ruwan, za ku tsinci 'yan duwatsu ku sa a aljihu, sannan ku koma mota kowa ya kau da kai daga wanda ya ci masa mutunci a taron kwamiti shekarun baya.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai a Urushalima wani tsani ne. In kun isa farfajiyar Cocin Kabari Mai Tsarki, kafin ku shiga ku ɗaga kai sama da ƙofa, ƙarƙashin tagar dama. Za ku ga ɗan tsanin katako a jingine. Kusan shekara 300 yana nan. Ɗariku shida ke da rabo a cocin: Girkawa 'yan Otodoks, mu Katolika ta hannun sufayen Faransiskan, Armeniyawa, Kibɗawan Masar, Habashawa da Suriyawa. Saboda yawan faɗa a kan wa ke da wane lungu, wa zai share wace matakala, wa zai kunna wace fitila, sai da sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya kafa doka a 1757, aka sake tabbatar da ita a 1852, cewa komai ya tsaya yadda yake, ba mai motsa abu a wurin tarayya sai da yardar saura. Tsanin ya zama shaidar wannan zaman doya da manja. Makullin ƙofar cocin kanta a hannun Musulmi yake, gidan Joudeh ke ajiye shi, gidan Nusseibeh ke buɗewa da rufewa, al'adar da ake dangantawa da zamanin Salahuddin tun 1187. A Nuwamba 2008 sai da 'yan sanda suka shiga raba sufayen Girka da na Armeniya da suka ba hammata iska a gefen kabarin. Ɗan ginin da ke lulluɓe da kabarin kuwa ya yi ta tsagewa har Turawan Ingila suka ɗaure shi da ƙarafa a 1947, ya yi shekara 70 a ɗaure, domin masu shi sun kasa zama su amince a gyara. Sai a 2016 aka fara aikin, aka gama a Maris 2017.

Duk ayarin da ya ji wannan labari daga bakin jagora sai ya girgiza kai, a ce kai, Kiristoci da abin kunya, a kabarin Ubangiji ma? Haka namu ayarin ya yi. Mu da a cocinmu akwai bencin da wata ba ta zama saboda wance na zama a can. Mu da ƙungiyar mawaƙa ta rabe biyu a kan wa zai riƙe kuɗin bazar. Mu da in an zo ba juna salama a Misa, wani sai ya sunkuya yana gyaran igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Da wane bakin za mu yi wa sufaye dariya?

Kuma kada a ce abin ya yi nisa, ba ya gyaruwa. A Janairu 1964 Paparoma Paul na shida ya je Urushalima, ya rungumi Athenagoras, babban limamin Otodoks na Istambul, a kan Dutsen Zaitun. Rabuwar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ta samo asali tun 1054. A ranar 7 ga Disamba 1965 aka soke tsinuwar da suka yi wa juna. Fiye da shekara 900 ke nan. Taku gabar shekara nawa ce? A kan me? Kuɗin anko da ba a cika ba. Maganar da aka ce an ce. Iyakar gona. Zaɓen shugabar zumunta. Auren da aka fasa tsakanin ɗanki da 'yarta, su yaran ma kowa ya yi aurensa ya haihu, har suna gaisawa a Facebook.

Na san wasu raunin ba ƙarami ba ne, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Akwai wadda dangin miji suka kwashe mata komai tun kafin a share makoki. Akwai wanda aka yi masa ƙazafin cin kuɗin coci, sunansa ya ɓaci, daga baya gaskiya ta fito ba wanda ya koma ya ce masa yi haƙuri. Mama, Baba, ban ce abin bai yi zafi ba, ban kuma ce ku bar haƙƙinku ba. Amma a Dutsen Zaitun za a kai ku cocin Pater Noster, inda aka rubuta Addu'ar Ubangiji a bango cikin harsuna fiye da ɗari, a ce ku riƙe hannun juna ku yi ta da Hausa. In kun zo wurin a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, me za ku yi? Ku yi shiru a wannan layin? In kuwa kun faɗa, to da bakinku kuka roƙi Allah ya auna muku da mudun da kuke auna wa wance.

Ranar Juma'a da yamma Faransiskan ke jagorantar Hanyar Gicciye ta cikin tsohon birni, tasha 14, biyar na ƙarshe a cikin cocin kabarin. Lungunan matsattsu ne, kasuwa ce, masu shago na kiran ciniki. Ayari kan karɓi gicciyen katako a riƙa karɓa-karɓa, mutum uku ko huɗu a lokaci guda. Ba mai tsara wa zai kama gaba wa zai kama baya. Za ka iya waiwayawa ka ga kafaɗar da ke ɗauke da ɗaya gefen ta mutumin nan ce. A nan ma za ka ɗaga hannu ka ce a sauya maka? Kana hanyar zuwa inda aka ce Uba ka gafarta musu, ba su san abin da suke yi ba?

Maƙwabtanmu Musulmi suna da wata ɗabi'a da ya kamata ta ba mu kunya. In mutum zai tafi aikin Hajji, gida-gida yake bi yana sallama yana neman yafiya, har wanda suka yi shekaru ba sa magana, in akwai bashi ya biya ko ya bar wasiyya, domin bai san ko zai dawo ba. Tun muna yara muke ganin haka a unguwa. Mu kuwa sai katin gayyatar liyafar dawowa muke bugawa tun ba mu tafi ba, da JP a bayan suna, wato laƙabin wanda ya je ibada Urushalima. Ba na ƙin JP, wanda ya je ya je. Amma mutanen unguwa ba sa karanta kati, fuskarka suke karantawa in ka haɗu da ƙaninka a wurin jana'iza.

A Baitalami ƙofar Cocin Haihuwa ba ta fi mita ɗaya da 'yan kai ba. Bishof da gwamna da mai sayar da ƙosai duk sai sun duƙa kafin su shiga, kuma ban ga wanda ya tsaya yana cewa shi ne babba ba. Kowa duƙawa yake da murna, har a ɗauke shi hoto. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, mun sani. To ƙofar gidan wance fa, da ba ta buƙatar biza?

Kada ku ce sai an je can, wai wurin zai taɓa zuciya. Wataƙila ya taɓa. Amma a can kwanakin kaɗan ne, ana tashinku da asuba, mota na jira, jagora na ɗaga tuta yana cewa a yi sauri, a cikin kabarin ma 'yan daƙiƙoƙi ake ba mutum kafin sufin da ke gadi ya ce a fito. Dutse ba ya shirya mutane. Na ga waɗanda suka yi kuka a Getsamani har aka riƙe su, suka sabunta alkawarin baftisma a Kogin Urdun, suka cika gorar ruwa, da daddare a wurin cin abinci kowa ya ɗauki farantinsa ya nemi tebur mai nisa. Na ga ma'auratan da suka sabunta alkawarin aure a Kana aka ba su takarda, alhali matar ta yi shekaru ba ta taka gidan uwar mijin ba.

Fada, da girmamawa, ina roƙo: kafin Misar sallama a sa ranar ikirari ta musamman domin matafiyan nan, a kuma tambaye su wannan tambayar ɗaya-ɗaya. Shugabannin zumunta, kun san su wa da wa, kada ku yi kamar ba ku sani ba, ku raka su in kunya ce ta hana. 'Ya'yan da suka biya wa iyayensu kujera, kuna da bakin magana yanzu, ku yi amfani da shi cikin ladabi.

Ku kuma da ba ku da kuɗin jirgi kuna karanta wannan kuna cewa a gaya musu, ku ma kuna da bagade duk ranar Lahadi, kuna kuma shiga layin karɓar Jikin Kristi.

Don Allah ku je. Ba saƙon waya ba, da ƙafarku. In an rufe muku ƙofa kun fita haƙƙi, ku sake komawa wani makon. Mama, ki je. Baba, kai ne babba, kai za ka fara. Ku je tun kafin a kira ranar tashi.