"Cire abin a ranka" ba ya maganin fargaba

Idan mutum yana fargabar abin da ke tafe, jarrabawa ce ko ganawar neman aiki, shawarar da aka fi ba shi ita ce: "Cire abin a ranka, daina tunaninsa." Da kyakkyawar niyya ake faɗa, sai dai tunani ba ya jin kora.

A shekarar 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya hana wasu ɗalibai tunanin wata dabba, farin beyar, na minti 5. Duk wanda dabbar ta faɗo masa a rai ya kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa kuwa ta sha kaɗawa. Da aka ɗage haramcin, sun fi waɗanda ba a hana ba yawan tunaninta. Kafin ƙwaƙwalwa ta tabbatar ta bar abu, sai ta riƙa leƙawa ko yana nan, kuma leƙen nan shi ne tunanin.

Hangen gobe ba shi ne cutar ba, da shi manomi yake ajiye iri. Matsalar tana cikin irin tambayar. "Idan na kasa fa?" ba ta da amsa, shi ya sa take hana barci. Juya ta: "Idan kaina ya ɗaure, zan ja dogon numfashi, in tsallake zuwa tambaya ta gaba." Wannan ma tunanin gobe ne, amma ya zama shiri. Rubuta shi a takarda tun da rana, domin idan dare ya raba komai girma yake ƙarawa.