Tauraron Michelin: kwalliya ce ko kaya a wuya?

Duk wanda ya ji ana kuranta wani gidan abinci a Faransa da cewa yana da taurari uku, to ya sani mai raba taurarin nan kamfanin taya ne. E, tayar mota. A 1900 wa da ƙani, André da Édouard Michelin, suka fara buga ɗan littafi suna raba wa direbobi kyauta: ga gidan mai, ga makanike, ga masauki. Dabarar ba ɓoyayya ba ce, in tafiya ta yi yawa taya za ta cinye, a zo a sayi sabuwa. Sai a 1926 aka fara manna wa gidajen abinci tauraro, a 1931 aka kai su uku. Har ma'anarsu ta matafiyi ce: mai biyu ya isa ka ratse hanya dominsa, mai uku ya isa ka yi takakkiya.

Ban raina aikin ba. Masu bincikensu a ɓoye suke zuwa, su ci, su biya kamar kowa, su tafi ba a gane su ba. Wannan ya fi min yabon 'yan intanet da ake ciyarwa kyauta su fito suna kirari.

Abin da ke damuna shi ne halin da tauraron ke jefa mai girki. Ba kyauta ba ce ta din-din-din, duk shekara ake sake lissafi, kuma a kansa ka ci bashin banki, ka ƙara ma'aikata, ka tsauwala farashi. Ranar da ya faɗi, baƙi su ragu, bashin yana nan. A 2003 shahararren mai girki Bernard Loiseau ya kashe kansa ana tsaka da raɗe-raɗin za a cire masa na uku. Allah kaɗai ya san abin da ke cikin ransa, amma taurarin ba a ma taɓa su ba a wannan shekarar. Gidan abincin mai girki Paul Bocuse da ke kusa da birnin Lyon ya riƙe uku tun 1965, aka zare ɗaya a 2020, shekara biyu bayan rasuwarsa. Wani mai girkin kuwa, Marc Veyrat, kotu ya kai Michelin a 2019 da aka rage masa, ya ce ƙage aka yi masa cewa ya sa cukwin Ingila a girkinsa. Bai yi nasara ba.

Abin dariya, ƙasar da UNESCO ta karrama al'adar cin abincinta a 2010 tana da rassan McDonald's sama da 1,500. Talaka bai san ana wannan rigimar ba.

Shi ya sa nake tare da mai girki Sébastien Bras. A 2017, yana riƙe da uku a gidan abincinsa na garin Laguiole, ya fito fili ya ce a cire shi daga littafin, ya gaji da girki cikin fargabar wane faranti ne zai faɗa hannun mai bincike. Wasu sun ce butulci ne, tunda tauraron ne ya kawo masa kasuwa. Ni a ganina mai tukunya shi ya san zafinta, yana da ikon cewa ya isa. Michelin suka amince, suka cire shi a 2018. A 2019 sai ga sunansa ya dawo da taurari biyu, ba tare da ya nema ba.